Tekun Nusaiba

Ku zauna da kyau, ga wata magana na kawo muku, kuma ba ta dariya ba ce. A gidana ta faru. Na sauya wa kowa suna, saboda haka kada wani ya wahalar da kansa neman ƙofar gidan. Ku ji ta har ƙarshe, sannan ku raba mini gardamar da nake yi da zuciyata.

Ina da ɗa, ɗan farina ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba. A nan zan ce masa Tasi'u, tunda ba shi ne sunan nasa ba. Tela ne, mutum mai tsare gidansa, mai taurin kai irin na ubansa, Allah ya jiƙansa. Matarsa Saude. 'Ya'yansu biyu ne suka rayu: Jabiru mai shekara goma sha bakwai, da ƙanwarsa Nusaiba mai sha biyar.

Idon Nusaiba ne ya fara mutuwa. Da farko tuntuɓe take yi da buta a tsakar gida, muna yi mata faɗan rashin natsuwa, ni ce ma kan gaba a faɗan. Sai ta ce mana duniya na tsuke mata, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Aka kai ta asibitin ido. Likita ya duba, ya ce ta jira a waje, ya gaya wa iyayenta jijiyar ce ke bushewa, maganin ɗigawa lokaci kawai zai ɗan ja. Ya ce in akwai abin da take son gani, a nuna mata yanzu.

Da ubanta ya tambaye ta, ba ta yi dogon tunani ba, ta ce teku. Ta taɓa gani a wayar ƙawarta, wani ɗakin otal a Legas, can sama, mutum na kwance a gado yana kallon ruwa har inda ya haɗe da sararin sama. Ta ce, "Baba, ko kwana ɗaya ne. In buɗe labule in gan shi, shi ke nan." Mu da ba mu taɓa fita gari ba sai don biki ko gaisuwar mutuwa. Tasi'u ya ce za a je hutu, dukanmu, har da ni. A tsakiyar bazara aka yi wannan magana.

To, sai zaɓen masauki. A nan ne kowa ya yi abin da yake ganin shi ne ƙauna.

Tasi'u ya ce ba zai kai matarsa da budurwar 'yarsa da saurayin ɗansa inda ake sayar da giya ba. Ya ce yaro ɗan sha bakwai, abin da ya gani sau ɗaya ya zauna masa a kai ke nan. Bai yarda da hoto ba, bai yarda da an ce ba. Ya rufe shago ya tafi Legas da kansa, har sau biyu, yana shiga otal-otal yana tambaya: akwai mashaya? Za a samu ɗaki biyu a jere, na maza da na mata? Ƙofa na kulluwa ta ciki? Masallaci na kusa? Akwai wani dogon otal sabo a bakin ruwa da ya cika duk sharuɗɗan, sai aka ce masa akwai mashaya a kan rufinsa. Ya juya, ko zama bai yi ba. Na ce masa, "Kai, idon yarinyar nan fa ba ya jiran bincikenka." Ya ce, "Inna, amana ce Allah ya ba ni." A ƙarshe ya amince da wani otal mai hawa bakwai a bayan wancan dogon. Ya hau har ɗakin, ya gwada makulli, ya tambayi alƙibla, amma bai ja labulen taga ba. Wannan bincike ya ci mako shida.

Saude kuma ta ce sai ɗaki mai firij, don maganin ɗigawar ba ya son zafi, aka samu. Amma ranar da aka ce a sa ranar tafiya, sai ta tsaya. Jabiru na tsakiyar jarrabawar fita sakandare, kuma Nusaiba ta ce ba za ta je babu yayanta ba. Saude ta ce, "Malam, ɗaya na rasa ido, kada ɗayan ya rasa karatu. Gobe shi zai riƙe hannunta in ba mu." Wa zai ce ta yi ƙarya? Aka jira ya gama. Wannan jira ya ci mako huɗu.

Jabiru shi ne idon gidan a waya, don ubansa ba ya karanta Turanci. Shi ya tono otal mai hawa bakwai ɗin, shi ya nuna mana hoton tagarsa da ruwa shuɗi shimfiɗe a bayanta, Nusaiba ta kai wayar har kan hancinta tana murmushi. Saura kwana biyar mu tashi, sai ya karanta abin da waɗanda suka taɓa kwana a wurin suka rubuta. Hoton tsoho ne, an ɗauke shi tun kafin a gina dogon otal ɗin a gabansa. Yaron ya san ubansa. Ya san in ya faɗa, za a sake sabon bincike na wasu makonnin. Ya ce a ransa ƙila ta gefe za a ɗan hango ruwan. Bai gaya wa kowa ba.

Muka isa Legas da la'asar, bayan kwana da yini a mota. Gari garau, ba gajimare ko ɗaya. Nusaiba ta sauko da zazzaɓin hanya, jikinta na rawa, amma da aka buɗe mana ɗaki ba ta zauna ba. Ta bi bango da hannu har ta samu labule, ta ja. Bango ne. Bangon siminti mai toka-toka, da bututu da akwatunan na'urar sanyi suna ɗigar ruwa, kusa da mu har da taɓarya za ka taɓa shi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Yaya, ashe tekun Legas da siminti aka yi shi." Ta yi dariya ita kaɗai. Ubanta ya ce ta kwanta ta huta, gobe da safe a ɗauki mota a je bakin ruwan da ake barin jama'a, don na unguwar duk an katange shi.

Kafin magariba ruwan sama ya kece. Kwana biyu bai ɗauke ba. Titi ya cika har gwiwa, babu motar da ke shiga unguwar, zazzaɓin yarinya ya ƙaru. Muna zaune a ɗaki mu biyar, muna kallon bango.

Yanzu ku ji abin da kowannensu ya yi.

Jabiru ya naɗe wando ya shiga ruwan nan, yana bin gini gini yana tambayar inda za a hangi teku ba tare da mota ba. Ƙusa ta huda masa ƙafa, bai dawo ba. A ƙofar dogon otal ɗin ya samu maigadi, wani dattijo mutumin Arewa, ya gaya masa komai. Dattijon ya ce wuri ɗaya ne, kan rufinsu, hawa na goma sha ɗaya, inda mashayar take, amma sai baƙin otal ake bari, kuma sai manaja ya yarda. Ba don Jabiru ba, da babu wanda ya san da wurin.

Jabiru ya dawo ya gaya wa Tasi'u. Uban ya sa hularsa ya fita. Mutumin da tun yana yaro ban taɓa ganin ya roƙi kowa ruwan sha ba, ya shiga otal ɗin da ya juya wa baya, ya tarar da manaja a tsakiyar baƙi. Manaja ya ce doka ce. Tasi'u ya cire hula, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a gaban mutane, Jabiru na fassara masa yana kuka. Bai tashi ba sai da mutumin ya ce su zo da safe kafin a buɗe mashayar. Ba don Tasi'u ba, da ba a buɗe musu ƙofa ba.

Safiya ta uku ruwa ya ɗauke, rana ta fito. Muka je, sai aka ce ruwa ya shiga injin wuta, lifta ba ta aiki. Nusaiba ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Uba da wa suka ce za su ɗauke ta, matakalar ta yi musu ƙunci, ita kuma ta ƙi, kunya ta hana ta. Saude ta kwance mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta durƙusa ta ce, "Hau. Ba yau na fara ba." Ta goya budurwa 'yar sha biyar da zane kamar jaririya, ta hau bene goma sha ɗaya da ita, tana hutawa a kan gwiwa tana tashi. Ba don Saude ba, da yarinyar ba ta kai sama ba.

Ni gwiwoyina ba su bar ni na hau ba, a ƙasa na jira. Suka ce sun tsaya a tsakanin kujeru da kwalabe, iska na kaɗa su, Jabiru na ta nunawa da murna: ga jan jirgi can ta dama, ga fararen tsuntsaye, ga kumfa na bugun duwatsu. Da suka sauko, na kama fuskarta na ce, "Kin gani, ja'ira?" Ta ce, "Na gani, tsohuwa. Ya fi na hoto." Duk muka yi kuka. Kafin mu cika wata da dawowa, ko fitila aka haska mata ba ta sani.

Tun daga nan tekun ya zama abin da gidan ke rayuwa a kai. Duk baƙon da ya zo jaje, Tasi'u sai ya ce, "Alhamdulillahi dai ta ga abin da take so. Nusaiba, gaya musu." Ita kuma ta gyara zama ta fara: jan jirgi ta dama, fararen tsuntsaye, kumfa a kan duwatsu.

Ran nan da hantsi, bayan wasu baƙin sun tafi, muna ɓarar gyaɗa ni da ita a ɗakina, sai ta ce, "Kaka, akwai kowa a ƙofa?" Na ce babu. Ta ce, "Ban ga teku ba." Ta ƙara da cewa, "Ranar da muka isa ina gani, na ga bangon nan har da bututunsa. Shi ne abu na ƙarshe da na gani sosai. Da muka hau rufin, fari kawai nake gani, kamar an rufa mini zanen gado. Na ji ƙararsa, na ji gishiri a leɓena. Jirgin da tsuntsayen a bakin Yaya na tsince su." Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Umma na haki a bayana, Baba na tsaye cikin kwalaben giya saboda ni. In ce musu me?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Na gaji, Kaka. Ke kuma kin tsufa, kada ki ji haushi. In kin tafi, ba ni da wanda zan zauna da shi ba tare da wannan jirgin ba. Ki zaɓi mutum ɗaya a cikinsu ki gaya masa. Ɗaya kawai. In duka suka sani, za su fara kallon juna, gidan nan ba zai zaunu ba."

To, ga ni nan da ita.

In na gaya wa Tasi'u, shi ne zai daina sa ta ba baƙi labari, wahalarta ta ragu a rana ɗaya. Amma mutumin nan durƙusawar da ya yi, da tsayuwarsa a mashaya, abin da ke sa ya haɗiye su shi ne 'yarsa ta gani. Zai tuna mako shida. Zai tuna labulen da bai ja ba. Ga hawan jini ya kama shi tun dawowarmu.

In na gaya wa Saude, ita ce ke tare da yarinyar daga asuba zuwa kwanciya, ita ke tsefe mata kai, a wurinta ya fi dacewa mutum ya sauke kayansa. Amma bayanta bai sake miƙewa daidai ba tun wannan matakala, kuma duk sanda ciwon ya motsa sai ta ce ba komai, ai an samu biyan bukata. Za ta tuna mako huɗu. Za ta ga kamar ta sayi takardar ɗa da idon 'ya.

In na gaya wa Jabiru, shi ne zai fi daɗewa da ita a duniya in Allah ya ja kwana, shi zai riƙe hannunta bayan mu duka. Amma shi ma ya zo ya faɗa mini nasa sirrin, na abin da ya karanta ya ɓoye, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce abin da ya sa yake iya cin abinci shi ne ta gani daga baya. In ya ji bango ne ƙarshen ganinta, bangon da shi kaɗai ya san yana nan, ban san me zai zama ba. Shekararsa sha bakwai.

Dukansu suna da hannu a abin da ya faru, dukansu sun zuba abin da suke da shi, kuma babu wanda ya yi don mugunta. Yarinyar na jiran amsata, kullum in ta ji takuna sai ta ɗago kai.

To, ku gaya mini: tsakanin uban da ya durƙusa, da uwar da ta goya, da wan da ya nemo hanya, wane ne ya cancanci a ɗora masa wannan gaskiyar?