Jatau Mai Fito da Zalɓen Tsakiyar Kogi

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi a Fatakwal, na tarar an sare tsamiyar ƙofar gidanmu, rumfar mai shayi ta koma shagon cajin waya, ƙanwata Ladiyo da na bari tana tallan gyaɗa har ta yi goyo. Kawu Mudi kaɗai ne bai sake ba. Yana nan a zaure da allon ces ɗinsa, darar Turawa da ya koya tun yana aikin jirgin ƙasa.

Ni ma na fara koyon ces a Fatakwal, har na shiga wata ƙungiya. Za a yi gasar zaɓen waɗanda za su wakilce ta, mai koyar da mu kuwa ya rantse in na sake ba da sarauniyata, wadda ta fi kowa ƙarfi a allo, a banza ba zai sa sunana ba.

Muka zauna da Kawu bayan la'asar. Na buɗe wasa tsaf yadda na haddace. Da aka kai tsakiya sai na rasa abin yi, na dinga tura 'ya'ya barkatai. Can na hango dokinsa ba mai tsaro, na kai hannu na cafke. Kawu ya ɗauke sarauniyata yana hamma.

"Zayyanu, hannunka ya fi kanka sauri," in ji shi. "Ka tuna mini da Jatau mai fito."

Na ce, "Wane ne kuma Jatau, Kawu?"

Ya gyara zama ya ce:

An yi wani saurayi, Jatau, wanda ya gaji kwalekwale daga ubansa. Wajen tashi daga gaɓa ba wanda ya kai shi iya tuƙi. Ran nan ya ɗauko buhunan albasar mutane zai kai kasuwar ƙetare. Da ya kai tsakiyar kogi sai ya yi ta buga filafili ba tare da ya san inda zai sauka ba, ruwa na ta jansa. Sai ga wata sabuwar ƙwarya tana yawo. Ya miƙa jiki zai ɗauka, jirgi ya karkata, buhuna suka zube.

Wani zalɓe da ke tsaye bisa dutse ya ce, "Sannu, samari. Kai da tarwaɗar bara uwarku ɗaya."

Jatau, yana tsamo albasa, ya ce, "Ba'a za ka yi mini ko labari za ka ba ni?"

Zalɓe ya ce, "Duka biyu. Saurara:

"Wata tarwaɗa ce a gurbin nan, mai ƙiba, mai saurin baki. Wata rana ta ga wata tana a rataye tsakiyar ruwa. Ƙawarta ta ce, 'Dakata. Tana a ƙasa take zama, wa ya kawo ta nan, me kuma yake so?' Tarwaɗa ta ce, 'In na haɗiye na yi tunani.' Ta haɗiye. Tunanin a cikin tukunyar masunci ta ƙarasa shi."

Zalɓe ya karkaɗe fiffike ya ce, "Kafin ka kai hannu, tambayi wanda ya ajiye. Sannan ka ga giginyar can a ƙetare? Zaɓe ta tun yanzu, kowane bugun filafili ya zama saboda ita."

Kawu ya mayar da 'ya'ya bisa allo ya ce, "Gaɓa kowa ya iya, ɗan nan. Ina giginyarka?"

Muka sake. Wannan karon na lura sarkinsa ya fake a kusurwa da masu tsaro kaɗan, na ƙudura can zan tara mayaƙana, ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka ya sake sakin doki a fili. Hannuna ya zabura da kansa. Na janye shi na danne a ƙarƙashin cinya, Kawu na kallona yana murmushi. Na tambayi kaina me yake so. Na duba, na sake dubawa, sai ga tarkon: in na ci, hanya ta buɗe, sarauniyata ta tafi. Na bar masa dokinsa, na ci gaba da nufin kusurwa.

Ya cinye ni dai, amma sai da aka kira magariba, sai da ya cire hula ya share gumi, kuma sarauniyata na kan allo har ƙarshe.

Na ce, "Na ji, Kawu. Na karɓa."

Washegari Inna ta same ni ina ninke kaya. Ta ce, "Yanzu ko ƙurar hanya ba ka gama wankewa ba?"

Na ce, "Gasa ta matso, Inna. Ki sa mini albarka."

Kawu ya ɗaga murya daga zaure: "Zayyanu! In sun miƙo maka doki fa?"

Na zuge jaka na ce, "Sai na hau kan hannuna na zauna tukuna."