Tukunyar Harajin Kawu Mode

Da na dawo Wurno bayan shekarun da na yi ina haƙar kuza a Jos, na tarar gari ya sake kama. Mota ta fara bin hanyar Achida ranar kasuwa. An sare tsamiyar da muke wasa a gindinta. Ƙanwata Hassana, da na bari tana tallar fura, ga ta da goyo. Ko fata ba ka saye yanzu sai da lasin daga hukumar En'e. Amma abin da ya tsayar da ni cak shi ne turakun gidan Kawu Mode. Babu jaki ko ɗaya, har ciyawa ta rufe wurin.

Kawu Mode ƙanen mahaifiyata ne. Da jakunansa ake kai albasa da shinkafar fadama Sakkwato, kuma daga Rabah har Goronyo babu wanda bai san ayarinsa ba. Mutum ne mai daɗin zama, ba ya zagi, ba ya rowa. Aibinsa guda ne: bakinsa bai iya cewa a'a ba, ko da abin da aka roƙa ba nasa ba ne.

Matarsa, Inna Kaltume, ita ta ba ni labari tana tankaɗen gari.

A shekarar da aka ƙara haraji, Kawu ya tara masu kora masa jakuna. Ya ce maimakon kaka ta yi a nemi sulalla a dunƙule su rasa, zai riƙa cire toro, wato kwabo uku, daga ladan kowa a kowace tafiya, ya zuba a tukunya. In lokaci ya yi, shi zai kai wa mai garin kowa, ya karɓo masa takardar haraji. Suka yi murna, suka sa masa albarka.

Tukunya ta fara nauyi, masu bukata kuma suka fara sallama. Wannan matarsa ta haihu, wancan ruwa ya rushe masa ɗaki. Kawu sai ya shiga ciki ya ɗebo.

Inna Kaltume ta ce masa, "Malam, wanga kuɗi ba naka na ba."

Ya ce, "Aro na yi, Kaltume. Albasa na yin kuɗi in mai da."

"Tabarma ake aro, Malam, a mai do ta yadda take. Kuɗi kam tahiya sukai."

Ya yi dariya, ya ce ta cika tsoro.

Albasa ba ta yi kuɗi ba. Da aka yi shelar haraji, abin da ya rage a tukunya bai kai na kowa ba. Samarin ayari masu baki suka tsare shi a zaure, kowa na neman takardarsa, ya kakkaɓe tukunya ya biya musu. Mutum guda ne bai tambaya ba, wato Baba Yari, wani dattijo ɗan garin Taloka, wanda ya fi kowa daɗewa a bayan jakunan gidan. A wurinsa, ka ce wa maigidanka "ina takardata" daidai yake da ka kira shi maƙaryaci. Kawu kuwa ya ce a ransa, Yari na gida ne, nasa zai iya jira.

Ana nan sai Baba Yari ya tafi gida ɗaurin auren ɗiyar ƙanensa, shi ne waliyyi. Ya biya kasuwar Goronyo sayen goro, dogarai suka tare shi suka ce ya nuna takarda. Ya ce ya biya. Aka tambayi mai garin Taloka, ya ce ko anini bai gani ba.

Dogari ya ce, "To, tsoho, wa ka ba?"

Baba Yari ya sunkuyar da kai, ya ƙi kama sunan kowa.

Suka cire masa rawani, suka zaunar da shi cikin rana a ƙofar hakimi tare da masu gudun haraji. Ranar kasuwa ce, mutanen Taloka na wucewa suna kallo, har da surukansa. Aka ɗaura aure ba shi.

Da labari ya iso Wurno, Kawu ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya kora jaki biyu ya sayar a hanya, ya faɗi gaban hakimi ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na ci. Wanga bawan Allah ya biya nashi tun kahin damina." Aka saki Baba Yari, aka ci Kawu tara. Samarin ayari suka watse, domin babu mai sake yarda a taɓa masa lada. Jakunan da suka rage suka bi ta hannun dillalai ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ta isa Taloka, amma abin da ido ya gani ya riga ta isa. Baba Yari bai sake kwana a garinsu ba.

Da na fito daga wurin Inna, na same su su biyu a zaure, akushi ɗaya a tsakaninsu. Na gaishe su, na zauna. Bakina bai iya riƙe magana ba tun ina yaro.

Na ce, "Baba, mi ya hana ka faɗi sunan Kawu tun da fari?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗan Jos, kuza ta cinye maka hankali? Mutumin da ya yi wa uwata likkafani, shi zan miƙa wa dogari?"

Kawu ya tsame hannunsa daga tuwo. Ya ce, "Yari, likkahwanin nan, da toronka na saye shi."

"Na sani, Maigida. Kaltume ta gaya mini tuni." Ya gutsuri loma, ya riƙe ta bai kai baki ba. "Da ka tambaye ni, ai da hannuna zan ba ka. Sai in san ban biya ba, in bi ta bayan kasuwa."

Hawaye suka gangaro cikin gemun Kawu. Ya sa yatsa ya tura ɗan naman da ke cikin miya zuwa gefen Baba Yari. Baba Yari ya turo masa shi.

Ina rubuta wannan ne ƙunshina na ɗaure, domin ƙafata ba ta iya zama ba. An ce ana neman helma, wato shugaban leburori, a aikin hanyar Gusau, kuma ladan mutane zai riƙa bi ta hannuna. Saboda haka da kaina nake yi, da duk mai ɗaukar ma'aikata. Abin da ka cire daga ladan mutum da sunan hukuma ba naka ba ne, ko na yini guda. Kai shi inda aka ce, ka karɓo masa shaidarsa ka damƙa a hannunsa, kada ka jira ya tambaya. Kyauta da kayan amana ba alheri ba ce, kuma in ta ɓaci, wanda ya fi yarda da kai shi ke zama cikin rana.