Alwala Ɗaya Daga Chaina Zuwa Habasha

A garin Roni an yi wani ɗan kasuwa mai sayar da injinan ban ruwa, ana ce masa Alhaji Daudu. Mutum ne mai tsafta da riƙon addini, ba ya cin haƙƙin kowa, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaide shi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: in ya kafe a kan abu, ko duk garin za a taru ba mai kawar da shi. Yana kuma da wani abin taƙama da ba ya gajiya da faɗa, wato riƙe alwala. Sai ya yi alwalar azahar ya kai ta har lisha, sannan ya zauna a ƙofar shago yana ba mutane labari kamar wanda ya ci gasa. Shekarar da ya je aikin Hajji ma, da alwalar da ya yi a Kano ya sauka Jidda. Wannan labari duk Roni babu wanda bai haddace shi ba.

Da kasuwa ta buɗe masa, sai abokinsa Ashiru na Kazaure, wanda ya daɗe yana zuwa Chaina sarin kaya, ya ce ya bi shi su je can inda ake ƙera injinan. Alhaji ya amince, aka sa ranar tafiya.

Saura kwana biyu, Zulaikha 'yar ƙanwarsa ta zo yi masa sallama. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Kazaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa wata leda.

"Kawu, doguwar safa ce, har gwiwa take kaiwa, tana matse ƙafa. In za ka shiga jirgi ka sa."

Ya ɗago ta da yatsu biyu yana dubawa. "Wannan ai ta 'yan ƙwallo ce. Ni da furfurata?"

"Kawu, tafiyar nan ba irin ta Jidda ba ce. Ta Habasha za ku bi, kuma tsakanin Habasha da Chaina kaɗai awa goma sha ɗaya za ku yi a sama, ga kujerar matsattsa. In mutum ya daɗe zaune ƙafa a lanƙwashe, ga ƙishirwa, jini yakan daskare a jijiyar ƙwauri ya yi guda. In gudan nan ya ɓalle ya tafi huhu, to, sai dai wani ba shi ba. Don Allah ka riƙa shan ruwa. Duk bayan awa ɗaya ko biyu ka tashi ka ɗan taka. Ko a zaune kake ka riƙa motsa ƙafa kamar mai taka keken ɗinki."

"In na sha ruwan, ina zan kai shi?"

"Ai akwai ban ɗaki a cikin jirgi."

"Wancan akurkin? Ba buta, ba wurin tsugunno, kowane irin mutum ya shiga ya fantsama abinsa? In fito kuma in yi salla da rigar da na shiga da ita? Allah ya kiyaye."

"Kawu, alwala in ta karye ai sakewa ake yi."

Nan fa ransa ya ɓaci. "Ke 'yar nan, a gabana aka haife ki. Yau ke za ki koya mini tsarki?"

Zulaikha ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya." Safar kuwa a nan kan tabarma aka bar ta.

A zuwa ya yi yadda ya so, ya sauka ƙafafu sun yi masa nauyi, amma da ya kwana biyu yana zagaya kasuwa sai suka sake. Wallahi da ma a ce tun a lokacin ya ji jiki. Tsirar da ya yi ita ta ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Ranar dawowa ya yi alwala a filin jirgi, a gajiye tiɓis bayan kwana goma yana yawo. Ya zaɓi kujerar jikin taga don kada kowa ya tashe shi, ya cusa jakar ƙananan kayan inji a ƙarƙashin ƙafafunsa, har gwiwoyinsa suka tokare kujerar gaba. Mutum ne mai jiki, shekara hamsin da takwas, kujerar ta riƙe shi gam. Ashiru na gefensa.

Ma'aikaciyar jirgi ta turo amalanken ruwa da lemo, Alhaji ya ɗaga mata hannu. Ta sake zuwa, ya sake ɗaga hannu. Abinci ma loma biyu ya yi ya ture. Da gyangyaɗi ya fara ɗaukarsa sai ya ɓare goro ya jefa a baki, don ya san barci mai nauyi yana karya alwala. Ka ji fa wahalar da bawan Allah ya ɗora wa kansa.

Ashiru shi kam yana ta shan ruwansa, yana tashi ya je ƙarshen jirgi ya dawo. Ya nuna masa wata gorar roba ya ce, "Alhaji, ka ga butata. Da ita nake shiga, kuma wurin a tsaftace yake, yanzu na fito. Tashi ka miƙe ƙafa."

"Je ka abinka. Ni ba yau na fara ba."

"Leɓenka fa ya bushe har ya tsage."

"Ai ba bakinka ba ne."

Wajen awa ta bakwai ya ji wani abu ya ɗaure masa ƙwaurin hagu, ciwo can ciki kamar an matse da igiya. Ga mara ta cika, ga maƙogwaro ya bushe ƙamas. A gaskiya a lokacin zuciyarsa ta raya masa ya tashi. Har ya dafa hannun kujera. Sai ya tuna Ashiru ba ya riƙe magana, gobe duk kasuwar Kazaure za a ji cewa jirgin Chaina ya karya Alhaji Daudu. Ya dubi ɗan allon da ke gabansa, ya ga saura awa huɗu. Ya saki hannun kujerar, ya ɗauko carbi.

Da suka sauka Habasha da ƙyar ya miƙe, yana ɗingishi, amma bakinsa har kunne. "Alwala ɗaya, Ashiru! Daga Chaina har nan. Kai ne shaida."

Ashiru ya ce, "Na shaida. Amma dubi yadda kake taka ƙafar nan."

"Sanyin jirgi ne."

Ya sake alwala, ya kurɓi ruwa kaɗan. Suka shiga wani jirgin, awa biyar zuwa Kano, nan ma bai motsa ba. Daga Kano mota zuwa Kazaure, daga Kazaure zuwa Roni, duk a zaune.

Washegari ƙwaurin ya kumbura suntum, ya yi zafi, fatar tana sheƙi. Mutane suna ta shigowa yi masa barka da dawowa, yana kishingiɗe ya rufe ƙafar da babbar riga, yana ba su sabon labarinsa. Suna cewa, "Kai, Alhaji, ba dama!" Shi kuma daɗi yana ratsa shi, duk da ciwon da ke cin sa.

Da baƙi suka watse, matarsa Saude ta duba ƙafar. Shekara talatin suna tare, ba ta taɓa ganin jikinsa haka ba.

"Alhaji, bari in kira Zulaikha ta zo ta gani."

"Kul! Ta zo ta ce da ma ta faɗa? Ɗauko man zafi ki murza mini, ki sa ƙarfi. Jijiya ce ta harɗe, in ta ji tausa za ta sake."

Saude mace ce mai biyayya, kuma ita a saninta tausa ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta murza tun daga dunduniya har bayan gwiwa, yana cije leɓe yana cewa ta ƙara dannawa. Haka safe da yamma, kwana biyu.

Rana ta uku, ta gama murza masa ke nan aka kira la'asar. Ya yunƙura zai tashi, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a ƙirji. Ya koma ya zauna. Ya ja numfashi, numfashin ya tsaya rabi. Ya yi tari, ya ga jini a tafin hannunsa. A nan ne maganar Zulaikha ta dawo masa tiryan-tiryan, guda da huhu, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Saude," ya ce da ƙyar, "kira ta."

Ihun Saude ya tara maƙwabta. Aka ɗauke shi aka sa a motar maƙwabcinsu Muhammad Sani, suka kama hanyar Kazaure a guje, kansa a kan cinyarta. An sauke gilasai duka, iska tana ta bugun fuskarsa, amma yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

"Iskar ba ta isata," in ji shi. "Saude, ba ta isata."

Tana kuka tana laƙƙana masa kalmar shahada, yana bin ta a hankali. Kafin su shiga Kazaure ya daina bin ta.

Zulaikha na tsaye a ƙofar asibiti da keken marasa lafiya. Kallo ɗaya ta yi masa ta saki keken. Likita ya zo ya duba, ya ɗaga ƙafar wandon, ya ga kumburin, ya ji warin man zafi. Ya tambaya yaushe ƙafar ta fara, aka ce kwana uku ke nan, daga dawowarsa tafiya. Ya girgiza kai ya ce da an kawo shi tun ranar, akwai maganin da ke tsinka jini. Sannan ya yi tambayar da daga baya ya yi da-na-sanin yin ta a gaban matar.

"An murza ƙafar nan?"

Saude ta ce, "Ni na murza. Sau biyar."

Likita ya kawar da kai, amma ta gane tausar ce ta yi ɓarnar. Ta ɗaga hannayenta tana kallo, man bai ma bushe ba. Zulaikha ta rungume ta tana cewa, "Inna Saude, ba laifinki ba ne, wallahi ba ki sani ba, kwanansa ne ya ƙare." Kowa ya faɗa mata haka, a zaman makoki da bayan ta fita takaba. Ta ji, ta ce Allah ya jiƙansa. Amma har yau, in ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya dawo a gajiye ya ce, "Inna, ɗan matsa mini ƙafa," sai ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Abin lura a nan, ya ɗan'uwa mai karatu, ajali na Allah ne, amma an umarce mu mu kiyaye amanar jikinmu. Addini bai ce ka hana kanka ruwa don riƙe alwala ba, in ta karye sai ka sake, kuma ibadar da aka mai da ita abin taƙama ta riga ta sauka daga hanya. In doguwar tafiyar jirgi ta kama ka, ka sha ruwa, ka tashi ka taka akai-akai, ka motsa ƙafa ko kana zaune, kada kunya ko ƙyama su ɗaure ka a kujera. In ka sauka ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada ka bari a murza, ka nufi asibiti a ranar. Kuma in wanda ya san abu ya ba ka shawara ka saurara, ko da a gabanka aka haife shi, domin taurin kanka ba a kanka kaɗai yake ƙarewa ba.