Farfesun Zomo a Gidan Sarkin Baka

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba wani alƙali sai ku. Wanda ya san zai yi gardama ya buɗe kunne tun yanzu, kada in gama ya ce in maimaita.

A ƙauyen Gangaren Ɗinya an yi wani Sarkin Baka, wato shugaban maharban garin, ana ce masa Korau. Dattijo ne mai faɗa, mai raha kuma, amma akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi. Daga ranar da ruwan shuka ya sauka har a yanke gero, ba a harbin zomo a dajinsu. Lokacin ne wasu zomayen ke ɗauke da ciki, wasu kuma sun haihu sun ɓoye 'ya'ya a gindin ciyawa, in ka harbe uwa ɗaya ka kashe har da waɗanda ba ka gani ba. Haka Korau ya gada, haka ya riƙe. Duk wanda ya karya, sai a karɓe bindigarsa a rataye. Har surukinsa ya taɓa karɓe wa, kuma a ranar ya je gidan ya ci tuwo.

To, wata shekara damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kayar da shi. Aka kai shi asibiti, aka yi masa allura, zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi masa da cin abinci. Tuwo ya ce ɗaci, kunu ya ce ƙarni, kazar da aka yanka masa ko kallo ba ta ishe shi ba. Malamin asibiti bai ɓoye wa matarsa, Iya Kuluwa, komai ba. Ya ce magani ya gama nasa, in mutumin nan bai ci abinci ba, sai dai haƙuri.

Korau kuwa ya san abin da ransa ke so sarai. Farfesun zomo ne, da citta da ɗan masoro. Yana rufe ido sai ya ji ƙamshinsa. Amma da wane baki zai faɗa, shi da ya hana gari? Ya gwammace ya mutu da sunansa. Sai dai wata rana da hantsi barci ya ɗauke shi, bakinsa ya tona masa asiri. Iya Kuluwa na gefe tana yi masa fifita, ta ji ya ce, "A ƙara citta. Cinyar nan kuma tawa ce."

Ta sunkuya ta ce, "Cinyar me, Malam?"

"Ta zomo mana," in ji shi, ya ci gaba da minsharinsa.

Ta fito ta tara 'ya'yansu maza uku, dukansu magidanta: Cindo babba, sai Anaruwa, sai Nomau. Ta ce, "Na ji abin da ubanku ke so, ni kuma ban ce kowa ya yi komai ba. Tukunyata dai a wanke take."

Cindo shi ne mai sawu. Da damina ciyawa ta rufe ko'ina, maharbi sai ya wuni bai ga ko kunnen zomo ba, amma shi ya bi ganyen waken da aka gutsura, ya bi kashi, har ya gano wurin kiwonsu a bayan wani suri. Da sassafe suka laɓe shi da Anaruwa, sai ga zomo ya fito yana tsalle. Cindo ya ɗaga bindiga, ya duba da kyau, ya sauke. Ya ga cikinta, ya ga nono. Ya raɗa wa ƙanensa, "Uwa ce, tana shayarwa. Ka ba ni zuwa jibi, zan nemo namiji." Amma ƙanen ya harbe ta, kamar yadda za ku ji, sai Cindo ya koma neman 'ya'yanta. Ya shiga jiƙaƙƙiyar ciyawa da rarrafe, ƙaya na yagarsa, yana buɗa tushe bayan tushe, domin 'ya'yan zomo ba wuri ɗaya suke kwana ba. Sai da rana ta take ya haɗa su uku, na ƙarshen har kwarkwasa ta fara zagaye shi. Ya zuba su a hularsa ya taho gida.

Anaruwa shi ne mai hannu, bai cika harbi biyu a kan abu ɗaya ba. Da yayansa ya ce a jira jibi, ya tuna yadda ya ɗaga ubansu jiya ya ji shi kamar damin kara. Ya ce, "Yaya, Baba ba shi da jibi." Ya yi bisimilla ya harba. Ya yanka ta, ya kai wa Iya Kuluwa, ko ruwa bai tsaya sha ba ya wuce gidan tsoho Arzika, wakilin maharba, ya ajiye bindigarsa a gabansa. Ya ce, "Ni na harba, kuma na san uwa ce. Babana bai aike ni ba, bai ma sani ba. A hukunta ni, kada a taɓa sunansa." Kafin masu tsegumi su kai labari bakin kasuwa, mai laifin ya riga ya kai kansa.

Nomau kuwa, tunda aka haife shi bai taɓa harba bindiga ba. In ana gwada ta a ƙofar gida, shi ke fara toshe kunne, har 'ya'yansa na yi masa dariya. Kiwon awaki ne sana'arsa. Amma ya san halin ubansa fiye da kowa, ya san in aka miƙa masa kwano aka ce zomo ne, ƙafa zai sa ya ture. Saboda haka da farfesu ya nuna, bai kai masa ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ta inda iska ke shiga, ya buɗe kwano, ya kama kurɓa yana santi.

Can sai murya ta fito daga ciki. "Kai Nomau, me kake ci ba tayi?"

"Ba naka ba ne, Baba. Ai kai ba ka cin abinci."

Nomau ya ƙara kurɓa. Sai kuma, "Miƙo nan in ji ko gishiri ya ji."

Kurɓar farko Korau ya gane ko mene ne. Mutumin da ya tsufa a daji ai ba za a ɓoye masa naman zomo ba, kuma ya san watan da ake ciki. Kunya ta kama shi, daɗi ya kama shi, daɗin ya rinjaya. Bai tambaya ba, ba a gaya masa ba. Ya cinye har ƙashi, ya ce gishirin bai ji ba, a ƙaro ya sake ɗanɗanawa. Washegari ya sha kunu, bayan nan ya nemi tuwo da kansa.

Aikin Nomau bai ƙare nan ba. Shi ya karɓi 'yan marayun daga hular Cindo, ya shimfiɗa musu ƙaiƙayi a kwando, yana tsoma auduga a nonon akuya yana ɗiga musu a baki. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta ce ko nata 'ya'yan ba su ga wannan gata ba. Duk ukun suka rayu.

Ranar da Korau ya fara takawa da sanda, ya ji motsi a wani kwando a rumfa. Ya ɗaga faifan da aka rufe shi, sai ga kunnuwa shida sun miƙe, idanu sun zuba masa. Ya daɗe a tsaye. Iya Kuluwa ta zo ta zaunar da shi, ta kwashe labari kaf ta gaya masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya share hawaye, shi kansa bai san na wanne ba ne.

Da aka yanke gero ya tara maharba. A gabansu Nomau ya kai zomayen bakin daji ya sake su, suka zura ko waige babu. Sannan aka zo kan hukunci. Arzika ya ce Anaruwa zai yi ranin bana ba bindiga, in an fita farauta shi ne mai ɗaukar gorar ruwa a bayan karnuka. Korau ya ce daidai ne, amma da saura. Ya ce wanda ya harba da wanda ya tanɗe kwano duk tafiyarsu ɗaya, ya sa aka ɗauko tasa bindigar aka rataye kusa da ta ɗansa. Ya ce a nemo gora biyu. Maharba suka yi ta dariya, wasu na roƙonsa ya bari, ya ƙi.

Da wuri ya lafa ya ce, "Mai tafiya a bayan karnuka ba ya jan gaba, gwiwoyina ma sun gama. Ku naɗa wani." Suka ce sarautar ta gidansa ce, ya zaɓa a cikin 'ya'yansa, ko Anaruwa ne za su jira shi ya gama hukuncinsa.

A nan dattijo ya maƙale. In ya dubi Cindo, sai ya ga wanda ya riƙe manufar dokar nan ranar da riƙe ta ya fi wuya, wanda ba don shi ba da ba a ga zomon ba, da 'ya'yan ma sun mutu a ciyawa. Amma da an bi tasa, wataƙila da tuni an yi sadakar arba'in. In ya dubi Anaruwa, sai ya ga wanda ya sayi ransa da nasa mutuncin, ya kuma kai kansa ba wanda ya kira shi. Amma gobe da wane ido zai karɓe bindigar wani? In ya dubi Nomau, sai ya ga wanda ya sa naman ya shiga ciki, ya raya abin da harbin ya so ya kashe. Amma Sarkin Baka mai toshe kunne, ina aka taɓa ji?

Ga lokacin fita farauta ya ƙarato, makaɗi ya ɗaure gangarsa yana jiran sunan da zai kira. Korau ya tambayi Iya Kuluwa, ta ce ita duka ukun ta haifa.

To, ga ku ga su. Wanda ya ƙi harbi, da wanda ya harba, da wanda bai taɓa harbi ba: wa za a naɗa?