Hoton Ƙofar Gidan Ƙarfe

Akwai wani Zabeirou, mutumin Tawa, da ya sauka Sabha a shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa. Dogo ne har an ce sai ya duƙa yake gaisawa da raƙumi. Kullum bayan la'asar yana gidan ɗaga ƙarfe na Hajj Maliki a unguwar Mahdiya, yana cika wuri da tsaki.

Hajj Maliki, tsohon malamin lissafi, ya ce zai sa a zana hoton wanda ya fi kowa tsoka a ƙofar gidan. Zabeirou har ya yi aski.

Ranar awo aka ɗora kowa a sikeli, aka auna tsawo, aka zagaya ciki da awon tela don a cire kitse. Hajj ya ce abin da ya rage za a raba da tsawo, a sake rabawa da tsawon. Sakamako ya fito a allo: Daouda, wani gajeren mai lodin siminti, shi ne na ɗaya.

Zabeirou ya tashi kamar zai ci allon. Ya ce ya fi Daouda kilo ashirin, ya ce lissafin ƙarya ne, ya ce tsoho ya tsani dogaye.

"Wannan guntun turmin za ku zana, ya Hajj?"

"Naka naman an shimfiɗa shi a dogon gini," in ji Hajj. "Nasa a ɗaki ɗaya yake. Ka dawo bayan wata, a sake."

Daouda ya ce wa Zabeirou ya zo su riƙa ɗagawa tare. Zabeirou ya ce ba ya haɗa ƙarfe da yara, ya fice.

Wata guda bai taɓa ƙarfe ba, don haushi. Ya zauna a unguwar Jadid yana fushi yana cin makaroni da tozon raƙumi, shi dai sikeli ya shaida. Ya dawo da ƙarin kilo tara. Awon tela ya zagaya cikinsa da ƙyar, Hajj ya cire ƙarin kilo goma sha ɗaya na kitse. Ya faɗo na shida.

Mai zane ya zo ba tsani. Hajj ya dubi Zabeirou.

"Ɗana, ɗauki malamin nan a kafaɗa. Kan Daouda can sama zai zauna."

Darasi: Girman jiki daban, ƙarfi daban, kuma fushi bai taɓa ƙara wa kowa tsoka ba. In an auna ka ka gaza, koma ka yi aiki. Ku tura wa dogayen abokanku, amma daga nesa.