Jikokin Kirya Bakwai

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku gyara zama. An yi wani masassaƙi a bakin wani kurmi, sunansa Bagudu. Turmi da taɓarya yake sassaƙawa da icen kirya, kuma turminsa sai uwa ta yi daka a ciki, 'ya ta gada, bai tsage ba. Bagudu mutum ne mai shegen son sani. Ko tururuwa ya gani da kaya sai ya bi ta ya ga inda za ta sauke.

Da ubansa zai rasu, ya bar masa gatari da gizago da doka ɗaya tak. Ya ce, "Tsohuwar kirya kaɗai za ka sara. In ta faɗi, rana za ta sauko a gurbinta. Kada ka sake ɗaga gatari sai ka ƙirga jikokinta bakwai sun tsiro a wurin."

Haka Bagudu yake yi. Kowace damina bakwai ɗin nan sai sun fito, har da ƙari. Shi da yake bin tururuwa, bai taɓa tambayar wa yake shuka su ba.

A kurmin nan akwai wata tsohuwar Giwa. Duk lokacin da 'ya'yan kirya suka nuna suka zubo, takan zo ta ci ta ƙoshi, ta karya reshe nan da can, ta wuce abinta. Akwai kuma Gizo, wanda ya ɗanɗana daddawar kirya sau ɗaya, kwaɗayi ya hana shi sukuni. Kullum ya zo tsinta sai ya tarar Giwa ta riga shi.

Sai ya wanke ƙafa ya tafi wurin Bagudu, da wannan tsamin bakin nasa.

"Sannu da aiki, Malam Bagudu. Ina tausayinka, wallahi."

"Tausayin me, Gizo?"

"Wannan ƙatuwar mana! Ta cinye iri, ta tattake tsiro. Ba don ita ba, da ba bakwai za ka riƙa ƙirgawa ba, da saba'in ne."

Bagudu ya lissafa turame saba'in a zuciyarsa, ya ji daɗi. Ranar farko ya buga wa Giwa ganga, ta kaɗa kunne ta ci gaba da ci. Rana ta biyu ya toshe hanyarta da ƙaya, ta tsallake. Rana ta uku ya hura wuta ya zuba barkono. Giwa ta yi atishawa har ganye ya zubo, ta dube shi da jajayen idanu ta ce, "Ɗan Adam, ashe haka ne? To, ga kurminka nan." Ta haye kogi ba ta waiwaya ba.

Gizo kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Ya kwashe 'ya'yan kirya buhu-buhu, ya dafa, ya yi daddawa har gidansa ba ya shiguwa don wari.

Bagudu ya kayar da tsohuwar kirya ɗaya, ya zauna jiran saba'in. Damina ta zo ta wuce, gurbi ba komai sai ciyawa. Ta biyu ta zo, ciyawa ta kai masa ƙugu. Ta uku ta zo, ko ɗaya babu. Icen da ya sara ya ƙare, gatari ya yi tsatsa, matan gari suna zuwa neman turmi suna komawa hannu rabbana. Tsoro ya kama Bagudu, don ya ga sana'ar ubansa za ta mutu a hannunsa.

Gizo ya ce, "Haba Malam, sara kawai! Wa yake ƙirga maka? Tsohon ai ya mutu."

Bagudu ya ce, "Shi ya mutu, ni ban mutu ba. Kuma ni sai na san abin da ya hana su fitowa."

Ya tsinci iri ya binne, shiru. Ya sake binnewa ya yi ta ban ruwa, shiru. Ya tono ɗaya ya gani, yana nan yadda ya sa shi, ya ciza, haƙorinsa ya kusa karyewa. Ya zauna a kan kututture yana juya shi a tafin hannu, yana cewa, "Ikon Allah! To, da wa yake buɗe ka?"

Sai ya ji wata 'yar murya a ƙasa. "Ɗaga ƙafarka, ka taka mini gida."

Buzuzu ne, wannan ƙwaron mai mirgina kashi. Ya rame, duk ƙafafu ne.

"Buzuzu, me ya same ka haka?"

"Kai ka same ni. Ka kori mai ba ni abinci."

"Wa ke nan?"

"Giwa mana. Shekara uku ban mirgina abin kirki ba."

Bagudu ya matso, kunne a buɗe. "To, ina ruwan kashin Giwa da kirya?"

Buzuzu ya ce, "Kai da son sani, amma kullum kanka a sama kana duban itace. Irin nan taurin kai gare shi, ba ya buɗewa sai ya kwana a cikin Giwa ya yi laushi. Kai ka sara ka buɗe wa rana ƙofa. Giwa ta zo shan hantsi a gurbin, ta ajiye irin da takinsa. Ni in mirgina in binne. Mu uku muke noman kurmin nan, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Bagudu ya riƙe baki. Kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Washegari ya haye kogi ya sami Giwa, ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, babbar dawa, na zo ban haƙuri."

Ta juya masa baya. Ya zagaya ya sake durƙusawa, ta sake juyawa. A karo na uku ya ajiye gatarinsa a gabanta ya ce, "Dube shi. Shekara uku ke nan bai ci itace ba. Na ɗauka ɓarna kike yi, ashe shuka kike yi."

Giwa ta shinshina tsatsar ta ce, "Wanda ya iya riƙe hannunsa shekara uku, ana iya zama da shi. Amma reshe zan ci gaba da karyawa, ka ji?"

"Karya, ranki ya daɗe."

Suna isowa kurmi, Gizo yana tsakiyar tarin 'ya'yan kirya yana cika buhu. Da ya ji ƙasa tana girgiza sai ya nutse cikin tarin ya yi lamo. Giwa kuwa da yunwar shekara uku, ta sa hanci ta kwashe tarin duka, har da Gizo, ta haɗiye.

Ku bar dariya, ban gama ba! Kwana ɗaya Gizo ya yi a ciki yana salati. Da hantsi Giwa ta je gurbin nan ta sauke shi, tim! Kafin ya buɗe ido Buzuzu ya iso ya hau mirgina shi.

"Buzuzu, tsaya, ni ne Gizo!"

"Sannu Gizo. Kai ma ka yi laushi?"

Da ƙyar ya kuɓuce ya haye bango, shi ya sa har yau kuke ganinsa a saƙo yana ta goge ƙafafu.

Da ruwa ya sauka, Bagudu ya je gurbin ya durƙusa yana buɗa ciyawa da yatsa. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai, kowanne a tsakiyar kashin Giwa. Ya sake ƙirgawa don daɗi. Sannan ya koma gida ya ɗauko dutsen washi.

To, kun ji. Kada ka kori wanda ba ka san aikinsa ba, don wani ɓarnarsa ake gani, shukarsa tana ƙasa. Kuma mai sara, ya sara ɗaya ya jira bakwai.

Ƙungurus kan kusu. Wanda bai yarda ba, gobe ya je ya tambayi Buzuzu.