Tulun da Aka Tsinta a Zauren Ladan

An ce wai a wani birni na bakin hamada an yi wani ladan, Malam Jibo, wanda ya shekara talatin yana kiran salla. Yana da zaure mai faɗi, sai ya bai wa wani madugu mai suna Tambari aron ɗaki ya ajiye kayan da yake kawowa daga ƙasashen arewa. Tambari kuwa mutum ne mai kuri. Kullum cewa yake tun da ya fara fatauci ba a taɓa sayar masa da jabu ba.

Ran nan akuya ta kutsa ɗakin, maƙwabta suka biyo ta, sai ga wani tulu a bayan buhuna, wari na tashi daga bakinsa. Wani da ya yi yawon duniya ya sansana, ya ce, "Subhanallahi, giyar inabi ce!"

Kafin azahar gari ya ɗauka. Haba, mutane! Waɗanda jiya suke yabon muryar ladan su ne yau ke cewa dama sun lura idonsa na yin ja da asuba. Aka hana shi hawa hasumiya ya kira salla, matarsa ma ta shiga yi masa kallon gefen ido. An manta cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Aka kai Jibo da Tambari gaban Alƙali Ishaƙa, wani tsoho da bai yarda da kuka ba, bai kuma yarda da rantsuwa ba. Tambari ya ce ya tarar da tulun a ɗakin. Jibo ya ce bai taɓa ganinsa ba, yana magana muryarsa na rawa. Alƙali ya dubi wannan, ya dubi wancan, duka biyun bai ga na ɗauka ba: mai rawar murya yana iya zama mai laifi, mai tsayayyar murya yana iya zama gwanin ƙarya. Sai ya sa aka ajiye tulun a tsakiya a rufe, ya juya kan ladan.

"Jibo, kaico! Talauci har a wajen saɓo? Ka sayar da mutuncin shekara talatin a kan wannan baƙin ruwa?"

Jibo ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Tambari ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai irin wannan ba baƙa ba ce."

Alƙali ya yi kamar bai ji ba. "Na tabbata ɗanyen inabi aka tsinka aka matse jiya-jiya, tsami kamar ruwan kamu. Duk wanda ya saye ta sakarai ne, an yi masa wayo, an ɗora masa abin da ko jaki ba zai sha ba."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tambari ya gyara zama, ya sake gyarawa, can ya kasa.

"Ranka ya daɗe, gaskiya dai gaskiya ce, ko a kan haram. Wannan inabin ba a tsinke shi ba sai da kowa ya gama girbi, aka bar shi a jikin uwarsa har ya yamushe ya kusa zama zabibi. Shekararta goma sha biyu a ajiye. Launinta na tatacciyar zuma ne. Ƙanshin busasshen dabino ke fara tarar mutum, da ɓawon lemo. Zaƙi ya sauka a harshe da nauyi, kafin ya gundure ka wani siririn tsami ya biyo ya wanke shi, ka haɗiye amma tana nan a maƙogwaro har ka gama zance. Ita ce za a ce an yi wa mai ita wayo?"

Alƙali ya ce, "Madugu, tulun nan a rufe yake, ni ma ban san launin abin da ke ciki ba. Launi da ƙanshi a ce labari ka ji. Shekarunta fa, wa ya ƙirga maka? Maƙogwaron wa ta tsaya a ciki?"

Aka fasa tulun a bainar jama'a, sai ga ruwa mai launin zuma yana bin ƙasa, yadda Tambari ya faɗa. Aka zartar wa madugun hukunci.

Alƙali ya taso da kansa ya kama hannun Jibo. "Ka yafe mini zagin da na yi maka, Malam. Tarko na ɗana, da kai na yi abincin tarkon. La'asar ta yi, je ka kira mana salla."

Jibo ya hau, ya ɗaga murya, kuka ya sarƙe shi sau biyu kafin ya kai ƙarshe. Da aka ta da salla, masu cewa idonsa na ja suka yi sahu a bayansa, ba mai iya ɗaga kai.

Shi ya sa masu hikima ke cewa: mutum kan jure a zagi ladan a gabansa, ya ɓoye laifinsa shekara da shekaru, amma a kushe abin da yake alfahari da shi, bakinsa ne zai yanka wuyansa.